Joji Istibinsan, Makiyayin Da Ya Ƙera Jirgin Ƙasa

A zamanin kakanninmu, in kaka ta yi, manoman Dawanau sukan labta wa jakuna gyaɗa su nufi birnin Kano. Daga can jirgin ƙasa ya kan kwashe ta zuwa Ikko, yana tafe yana fitar da hayaƙi, gama wuta da ruwa ne abincinsa. A shekarar 1911 irin wannan jirgi ya fara isowa Kano. To, yara, ga labarin mutumin da a ke kira uban hanyar jirgi.

An haifi Joji Istibinsan a 1781 a ƙauyen Wailam, a arewacin Ingila. Ubansa talaka ne, aikinsa hura wutar injin da ke janye ruwa daga ramin kwal. Ba su da kuɗin makaranta, saboda haka aka sa Joji kiwon shanu. Yana kiwo yana leƙen sheƙar tsuntsaye, yana kuma gina 'yan injuna da yumɓu, kamar yadda ku ke yin mota da kara.

Da ya tasa aka ɗauke shi aikin inji. In an tashi ran Asabar, sai ya kwance injin, ya goge, ya mayar da kowane ƙarfe wurinsa. Da haka ya gane asirin tururi: in ruwa ya tafasa cikin rufaffiyar tukunya, tururin ya kan nemi mafita da ƙarfi, har ya tura sandan ƙarfe, sandan kuwa ya juya ƙafa. Amma har ya shekara 18 bai iya karatu ba. Sai ya shiga makarantar dare, yana biya daga ladansa. Gemu ba ya hana ilmi.

Hannun Joji ba ya zama banza. Ya koyi gyaran takalma da gyaran agogo. Ya yi kiwon zomaye, ya sabar da tsuntsaye har suna shiga ɗakinsa. Shi da ɗansa Robat suka yi agogon rana, wanda inuwa ke nuna lokaci a kansa. Ya ma taɓa ƙoƙarin ƙera injin da zai yi ta juyawa har abada shi kaɗai, abin ya faskara.

Wahala ba ta ƙyale shi ba. Matarsa ta rasu a 1806, ubansa kuma ya makance sanadin tururi a wurin aiki. Joji ya so ƙaura zuwa Amurka, kuɗin tafiya ya gagara. Gyaran agogon nan da ya ke yi da dare shi ya taimake shi ya riƙe tsohonsa, ya kuma sa Robat makaranta.

A 1811 injin wani ramin kwal ya ƙi janye ruwa, gwanaye suka kasa. Joji ya gyara shi cikin 'yan kwanaki, sunansa ya fito. Waɗansu sun riga shi ƙera inji mai tafiya bisa ƙarfe, amma shi ya nace sai da abin ya yi amfani. A 1814 nasa na fari ya ja tan 30 na kwal, yana cin mil 4 a sa'a. A 1815 ya ƙago fitilar da ba ta ta da gobara cikin rami. A 1825 shi da kansa ya tuƙa jirgi ɗauke da kaya da mutane, ran da aka buɗe hanyar Istokton da Dalintan. A 1829 aka yi gasar jirage, wanda shi da Robat suka yi, mai suna Roket, ya ci fam 500, gudunsa ya kusa mil 30 a sa'a.

Da ya tsufa ya koma lambu. Ya ga kokwamba, watau 'yar'uwar gurji, tana tanƙwarewa, sai ya zura kowace cikin dogon bututun gilashi don ta miƙe sak. Ya rasu a 1848, yana da shekara 67.

Ku lura, yara, duk abin da ya burge Joji sai ya sa masa hannu ya ga yadda aka yi shi. Ta haka makiyayin shanu ya sauƙaƙa wa duniya tafiya.