Sheikh Abubakar Gumi: Alƙalin da ya tsaya tsakanin doka biyu

Ma'aikacin da ke zaune a Mpape, wanda kullum safiya yake gangarowa daga kan duwatsu zuwa sakatariyar tarayya, yana rayuwa ne a ƙarƙashin doka biyu ko bai sani ba. Idan aka kama shi da laifin sata ko zamba, da kundin laifuffukan da ake kira Final Kod za a tuhume shi. Idan kuwa Musulmi ne, aka sami saɓani a kan aurensa ko gadon gidan mahaifinsa, fiƙihun Malikiyya za a buɗe masa a kotun yanki, wanda bai gamsu ba ya wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Birnin Tarayya. Wannan rabo ya girmi Abuja kanta da shekara goma sha shida. A Kaduna aka tsara shi, a jajibirin samun 'yancin kai, kuma mutumin da ya fi kowa daɗewa a kan kujerar da rabon ya haifar shi ne Sheikh Abubakar Mahmud Gumi.

Jama'a sun fi tuna shi da tafsirin Masallacin Sultan Bello da taƙaddamarsa da malaman ɗariƙu, har ya zamana an kusa mantawa da cewa alƙali ne ɗan alƙali. An haife shi a garin Gummi na Lardin Sakkwato a farkon shekarun 1920, a gidan Malam Mahmud, alƙalin garin, a wurinsa kuma ya fara Alƙur'ani da littattafan fiƙihu. Ya shiga makarantar elementare ta Dogon Daji, ya wuce Midil ta Sakkwato, sannan a 1942 ya nufi Makarantar Koyon Shari'a ta Kano.

Ita wannan makaranta tana da nata labarin. Da Turawa suka ci Ƙasar Hausa ba su rushe kotunan alƙalai ba, domin ba su da ma'aikatan da za su maye gurbinsu. Lugga ya bar wa sarakuna da alƙalansu shari'a, har da ta kisan kai, amma ya hana yanke hannu da jifa, ya kuma ba Razdan ikon duba kowane hukunci. Saboda haka gwamnatin mulkin mallaka ta wayi gari tana buƙatar alƙalan da suka san Risala da Muhtasar, suka kuma iya ajiye rajista da rubuta rahoton da Di'o zai karanta. A 1934 aka buɗe makarantar a Kano da malamai daga Sudan, a 1947 aka sauya mata suna ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Gumi ɗan wannan gida ne: Larabcinsa na malamai, tsarin aikinsa na ofis.

Ya ɗan taɓa aiki a kotun alƙali a Sakkwato, bai daɗe ba ya koma koyarwa. A 1949 yana Kwalejin Horon Malamai ta Maru, tare da Malam Aminu Kano, ya ga limamin gari yana taimama alhali ga ruwa, sai ya hana ɗalibansa bin sa sallar Juma'a. Magana ta kai fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Abin kamar ƙarami ne, amma halin mutumin ya riga ya fito: abin da littafi ya ce shi ne hukunci, ko da al'adar gari da fada sun tsaya a ɗaya ɓangaren. Daga baya ya yi karatu a Bahtar Ruda ta Sudan, ya kusanci Sardauna Ahmadu Bello a aikin hajjin 1955, aka kuma naɗa shi jami'in alhazan Nijeriya a Jidda a 1957.

Yana cikin waɗannan tafiye-tafiye ne ƙasar shari'a take girgiza a gida. A 1947 kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum mai suna Tsofo Gubba hukuncin kisa. A Malikiyya, wanda ya kashe rai da gangan ƙisasi ne a kansa idan magadan mamaci suka nema, kuma cewa an tunzura shi ba ta sauke masa. A kundin laifuffukan Turawa kuwa, tunzurawa tana mayar da laifin ƙasa da kisan ganganci, mai laifi ya sha ɗauri kawai. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin. Sarakuna suka ga an taɓa musu abin da aka yi alkawarin ba za a taɓa ba, gwamnati ta shiga gyaran doka bayan gyaran doka, shekara goma ba a sami matsaya ba. Ran mutum ya koma ya dogara da ƙofar kotun da aka fara shigar da shi.

Ga kuma kukan da ke tashi daga wasu wurare. Kiristoci da masu addinin gargajiya na Arewa sun gaya wa Hukumar Willink, wadda ta binciki tsoron ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, cewa shaidarsu ba ta da nauyin ta Musulmi a gaban alƙali. 'Yan NEPU, waɗanda Musulmi ne, nasu kukan ya fi ɗaci, don alƙali ma'aikacin En'e ne, sarki ke naɗa shi, kuma ɗan adawa ya san inda za a kai shi idan ya yi lacca ba izini. Ingila ta nuna a fili cewa sai an gyara wannan kafin Arewa ta karɓi mulkin kanta.

Sardauna ya tura wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ƙasashen Musulmi suka yi da nasu, sannan a 1958 ya kira kwamitin masana shari'a su shida. Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, shi ne shugaba. Akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa J.N.D. Anderson daga Jami'ar Landan, sai 'yan gida uku: Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Babban Alƙalin Bida, Malam Musa. Shawararsu ita ce a yi kundin laifuffuka guda ga kowa da kowa, a kwaikwayi na Sudan, wanda shi ma jikan kundin Indiya ne na 1860. Kwamitin malamai ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Junaidu ya bi daftarin, majalisa ta amince a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, kwana ɗaya kafin a sauke tutar Ingila. An bar wa Musulmi ɗan abin tunawa, wato bulalar haddi a kan shan giya da zina da ƙazafi. Sauran shari'ar laifi duk ta koma hannun doka ta gwamnati. Abin da ya rage wa fiƙihu a matakin ɗaukaka ƙara shi ne aure da saki, da riƙon yara, da gado, da wasiyya, da kyauta, da waƙafi.

Wanda ya san tarihin Ingila zai gane wannan jeri, domin kusan shi ne abin da sarakunanta suka bar wa kotunan coci. Tun wajen 1140, lokacin da wani malami a Bolonya mai suna Gratian ya tattara dokokin coci a littafi guda, Turai take da doka biyu masu gogayya, ta Paparoma da ta sarki. A 1164 Sarki Henry na Biyu ya nemi limamin da ya aikata laifi ya fuskanci hukuncin kotun sarki, Babban Limamin Kantabari, Thomas Becket, ya ƙi, jayayyar ta ƙare da kashe shi a cikin majami'arsa a 1170. A hankali sarauta ta janye laifuffuka da filaye zuwa kotunanta, aka bar coci da aure da tabbatar da wasiyya, har 1857 da majalisa ta karɓe waɗannan ma. Baturen da ya zo Kaduna ya taso ne da wannan fahimta, cewa gurbin dokar addini shi ne cikin gida. Shi kansa Anderson mutumin coci ne sosai, har daga baya ya shugabanci zauren waɗanda ba limamai ba a babbar majalisar Cocin Ingila, ga shi kuma yana daga cikin Turawan zamaninsa da suka fi sanin fiƙihu. Matsalar ita ce fiƙihu bai taɓa ɗaukar kansa dokar cikin gida kawai ba. Babin jinai da babin nikahi a littafi ɗaya suke.

A kan wannan kotu da aka rage wa hannu aka ɗora Gumi. Sabuwar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta fara da Sheikh Awad Muhammad Ahmad, ɗan Sudan, a matsayin Alƙalin Alƙalai, Gumi yana mataimaki tun 1960. A 1962 ya hau kujerar, ɗan Arewa na farko da ya riƙe ta, bai wuce shekara arba'in ba. A shekarar ce kuma aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, yana cikin waɗanda suka assasa ta.

Za a iya tambaya, ta yaya malamin da ya tayar da gari a kan taimama ya yarda ya zauna a kotun da ba ta da hurumin haddi? Amsar tana cikin abin da ya gani da idonsa. Gumi bai ɗauki kotunan En'e a matsayin shari'ar Musulunci tsantsa ba. Ya san alƙalin da ba ya iya saɓa wa fada, ya san sarkin da yake mai ƙara kuma mai hukunci a zama ɗaya. A wurinsa, kotu mai alƙalai masu takarda, masu albashi daga gwamnati, masu rubuta dalilin hukunci har wani ya duba, ta fi kusa da abin da littattafai suka siffanta, ko da huruminta ya ƙuntata. A nan ya yi daidai, kuma matar da aka danne wa tumunin gado a wani ƙauye ta sami inda za ta kai kuka sama da garinsu. Sai dai cinikin yana da tsada, domin ya sa hannun malamai a cikin tsarin da daga baya wasu almajiransu za su kira cin amanar shari'a.

An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966, Gumi ya rasa majiɓincinsa. Abin da 'yan siyasa suka yi ta jan ƙafa a kai, soja suka yi shi cikin ɗan lokaci. Daga 1967 zuwa 1968 aka rufe kotunan sarakuna, aka cire kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin ɓangaren shari'a na gwamnati. Kotun yankin da ke zama a Mpape a yau daga wannan gyara ta samo sunanta. Da aka raba Arewa jiha shida a Mayun 1967, kujerar Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa ta rasa jiharta, ko da yake kotun ta ci gaba da yi wa jihohin aiki daga Kaduna har tsakiyar shekarun 1970.

Daga nan ne Gumin da aka fi sani ya bayyana: tafsiri a Rediyon Kaduna, littafin Al-Aƙidatus Sahiha na 1972 da ya ɓata tsakaninsa da Ƙadiriyya da Tijjaniyya, fassarar Alƙur'ani zuwa Hausa, da ƙungiyar Izala da almajirinsa Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978.

Rabuwar jihohi ta bar wani giɓi na doka. Kowace jiha ta sami kotun shari'arta, to ina za a je idan hukuncin Kano ya saɓa da na Sakkwato a mas'ala ɗaya? Kwamitin tsara kundin mulki na Cif Rotimi Williams ya ba da shawarar a kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Tarayya. A Majalisar Tsara Kundin Mulki ta 1977 zuwa 1978 wakilai Kiristoci da dama suka ƙi, suna cewa baitulmalin ƙasa ba zai ɗauki nauyin kotun addini ɗaya ba. Hujjarsu ba ta rasa tushe, don kotunan aure na Cocin Katolika a Nijeriya ba gwamnati ke biyansu ba, hukuncinsu kuma ba ya raba auren da aka ɗaura bisa dokar aure ta ƙasa sai an je Babbar Kotu. Musulmi suka amsa cewa dokar da aka gada daga Ingila, da hutun Lahadi da auren mace ɗaya, ta riga ta sha ruwan coci, sunanta kawai aka sauya. A Afrilun 1978 wakilai Musulmi suka fice daga zauren. Sulhun da aka yi shi ne a sa aƙalla alƙalai uku masana dokar iyali ta Musulunci a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, kuma haka abin yake har yau a sashe na 237 na kundin 1999, kamar yadda sashe na 260 ya kafa kotun shari'a ta Abuja, sashe na 10 kuma ya hana kowace gwamnati ɗaukar addinin hukuma.

Gumi ya tsaya a sahun masu neman faɗaɗa shari'a har ƙarshen rayuwarsa, kuma harshensa ya ƙara kaifi da shekaru. Maganganunsa na 1987 game da shugabancin wanda ba Musulmi ba sun fusata Kiristoci ƙwarai, sun kuma sa da wuya su tuna cewa mai maganar ya yi shekaru yana aiki da tsarin da aka gina don kwantar musu da hankali. A shekarar ce ya karɓi lambar Sarki Faisal ta hidima ga Musulunci. Ya rasu a Landan ranar 11 ga Satumba, 1992, aka yi masa sutura a Kaduna. Bayan shekara bakwai, a Oktoban 1999, Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, majalisar Zamfara ta mayar da haddi cikin dokar laifi, kuma garin Gummi yana cikin wannan jiha.