Ernest Bevin, Lauyan 'Yan Dako

An haifi Ernest Bevin ran 9 ga watan Maris, 1881, a wani ƙauye mai suna Winsford cikin lardin Somerset na ƙasar Ingila. Bai san mahaifinsa ba, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana ɗan shekara 8. Da ya cika shekara 11 sai ya bar makaranta ya shiga ƙwadago a gonakin mutane, daga bisani ya nufi birnin Bristol, inda ya daɗe yana tuƙa keken doki yana kai lemon kwalba kantuna.

A wannan birni ne ya ga irin zaman da 'yan dakon tashar jirgin ruwa suke yi. Ba su da aiki tsayayye. Kullum da sassafe sukan yi cincirindo a ƙofar tasha, shugaban aiki ya fito ya zaɓi waɗanda ya ga dama, saura su koma gida hannu Rabbana. A cikin 1910 Bevin ya haɗa kan 'yan'uwansa masu keken doki suka zama reshe na ƙungiyar 'yan dakon, ba da jimawa ba kuwa ƙungiyar ta ɗauke shi ma'aikacinta.

Abin da ya fito da sunansa ya faru ne cikin 1920. 'Yan dako sun nemi a riƙa biyansu sule 16 a rana, gwamnati ta naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin wani alƙali, Lord Shaw. Masu kamfanoni suka ɗauko babban lauya, suka kuma kawo wani shehun malami masanin ƙididdiga, wanda ya tsara lissafin abin da zai ishi magidanci mai iyali biyar a mako. Bevin bai yi musu da shi kan alƙaluma kaɗai ba. Kasuwa ya tafi, ya sayo abinci daidai da lissafin malamin, aka dafa, aka raba a faranti biyar, ya ajiye gaban kwamiti, sa'an nan ya nemi a gaya masa ko wannan ɗan lomar za ta riƙe mutumin da zai wuni yana saɓa buhuna. Gani ya kori ji. Kwamiti ya amince da sule 16, jaridu kuma suka laƙaba masa sunan lauyan 'yan dako, shi da ko sakandare bai leƙa ba. Sai dai daɗin bai ɗore ba, domin da ciniki ya faɗi aka yi ta zaftare kuɗin.

Wannan ya ƙara masa yaƙinin cewa ƙananan ƙungiyoyi ba za su iya ja da masu dukiya ba. Saboda haka a farkon 1922 ya haɗe ƙungiyoyi 14 suka zama ɗaya, wato TGWU, ta ma'aikatan sufuri da sauran leburori, shi ne kuma babban sakatarenta. Bayan yajin aikin gama-gari na 1926, wanda ya watse cikin kwana 9 ba tare da biyan bukata ba, sai ya fi karkata ga zama a yi ciniki da masu kamfanoni, a sa hannu, kowa ya cika alkawari. A nan ne masu sukarsa suke da abin faɗi, kuma a ganina ba su rasa gaskiya ba. Mutum ne mai ƙarfin hali, amma ba ya son a ja da shi. Bayan yajin ma'aikatan bas na birnin Landan a 1937, sai da aka kori wasu jagororinsu daga ƙungiya.

Cikin watan Mayu, 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Churchill ya naɗa shi Ministan Ƙwadago, alhali a lokacin ko ɗan majalisa bai zama ba. Ya hana yajin aiki, ya tilasta kai saɓani gaban masu sulhu, amma kuma ya sa aka yi wa 'yan dako rajista aka ba su tabbacin albashin mako, abin da yake nema tun zamanin kwamitin Shaw. An mayar da wannan tsari na dindindin a 1947, ya yi aiki har 1989 da gwamnatin Thatcher ta soke shi.

Daga 1945 ya riƙe muƙamin Sakataren Harkokin Waje, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar tsaro ta NATO a 1949. Ciwon zuciya ya sa ya bar muƙamin a watan Maris, 1951, ya rasu ran 14 ga Afrilu na wannan shekara, yana da shekara 70.