Waliyi Agustin na Hippo: Mutumin da Ya Daina Ɗora wa Wani Laifinsa

A ƙarshen watan Agusta, sa'ad da marka ta kankama, gero kuma ya kusa nuna a gonakin Rano da Kibiya, Ikilisiya takan sa uwa da ɗanta a gabanmu: Waliyiya Monika ranar 27 ga wata, Waliyi Agustin kuma ranar 28. Mu 'yan Dayosis na Kano muna da dangantaka ta musamman da wannan waliyi. Bishop Patrick Sheehan, wanda ya zama bishop na farko da aka kafa dayosis ɗin a 1999, ɗan ƙungiyar Agustin ne, haka ma Bishop John Niyiring da ya gaje shi a 2008. Babbar makarantar horar da firistoci ta Jos sunansa take amsawa, Paparoma Leo na 14 da aka zaɓa a 2025 shi ma daga ƙungiyarsa ya fito. Sunan dai mun san shi. Ya kamata mu san mai sunan, domin cutar da ta daɗe tana wahalar da shi tana nan a gidajenmu, wato halin neman wanda za a jingina wa laifi.

Gidan da ya fito

An haifi Agustin ranar 13 ga Nuwamba, shekara ta 354, a Tagaste, wani ƙaramin gari a Arewacin Afirka da ake kira Souk Ahras a ƙasar Aljeriya ta yau. Mahaifinsa Patrisiyus yana da 'yar gona, yana bin addinin kakanninsa, mutum ne mai kyauta amma mai saurin fushi. Mahaifiyarsa Monika kuwa Kirista ce. Irin wannan gida ba baƙo ba ne a ƙauyukanmu, inda uwa take zuwa coci da yara, maigida kuwa yana nan a kan al'adar da ya gada. Monika ta yi ta haƙuri da addu'a, har mijinta ya karɓi baftisma kafin ya rasu.

An shigar da yaron cikin masu koyon bangaskiya tun yana ƙarami, amma ba a yi masa baftisma ba. Yana da ƙwaƙwalwa ƙwarai, iyayensa kuma suka ɗora burinsu a kan karatunsa. Da ya kai shekara 16 kuɗin makaranta ya gagara, sai ya yi shekara guda a gida ba aikin fari ba na baƙi. A wannan shekara ce shi da abokansa suka shiga gonar maƙwabci da dare, suka kakkaɓe 'ya'yan wata bishiya, suka ɗebi kaya guda, suka watsa wa aladu. Da yawa cikinmu za mu ɗauki wannan ƙiriniyar yara ce, kamar satar mangwaro. Agustin kuwa, bayan ya manyanta, ya zauna ya tambayi kansa dalilin wannan sata. Ba yunwa yake ji ba, a gidansu ma akwai waɗanda suka fi waɗannan kyau. Da ya tona zuciyarsa, sai ya iske ɓarnar ce kanta ta yi masa daɗi, ya kuma gane da shi kaɗai ne da bai yi ba: kunyar abokai ce ta hana shi ƙi.

Shekarun yawo

Da taimakon wani attajirin garinsu ya tafi Kartaj, babban birnin yankin, kusa da Tunis ta yau, yana wajen shekara 17. Birni ya buɗe masa ido kamar yadda Kano takan buɗe wa samarinmu ido idan sun tafi karatu ko cin rani. Ya ɗauki wata mace suka zauna ba aure, ta haifa masa ɗa mai suna Adeyodatus a 372, suka yi kusan shekara 15 tare. Yana shekara 19 ya karanta wani littafin Sisero, masanin Roma, wanda ya cusa masa ƙishin hikima. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, amma ya raina shi, don a ganinsa harshensa bai kai na masana daɗi ba.

Daga nan ya faɗa hannun mabiyan wani malami mai suna Mani, ya yi shekara 9 a cikinsu. Waɗannan mutane suna koyar da cewa iko biyu ne suke kokawa a duniya, haske da duhu, kuma muguntar da mutum yake aikatawa ta wani baƙon duhu ce da ke zaune a jikinsa. Wannan koyarwa ta yi wa Agustin daɗi, domin ta ba shi damar yin zunubi ba tare da ya amsa cewa shi ya yi ba. Ya kuma riƙa zuwa wurin masu duban taurari, waɗanda su ma suke ɗauke wa mutum laifi su ɗora wa sama. Daga baya ya gane cewa wannan ne ya sa ciwonsa ya ƙi warkewa, gama wanda bai yarda yana ciwo ba ba zai nemi magani ba.

Ya zama malamin fasahar magana, ya koyar a Tagaste da Kartaj. Ɗaliban Kartaj suka ishe shi da rashin ɗa'a, sai ya ƙudurta tafiya Roma a 383. Monika ta bi shi har bakin teku tana roƙonsa kada ya tafi. Ya yaudare ta cewa rakiyar aboki zai yi, ya bar ta tana addu'a a wani ɗakin sujada, jirgi ya tashi da shi cikin dare. A Roma ya kwanta ciwo har ya kusa mutuwa, ɗaliban can kuma sukan gudu idan lokacin biyan kuɗi ya yi. Ya sauya gari, ya sauya ƙasa, amma zuciyar da ya tashi da ita ita ce ya sauka da ita.

A Milan

A 384 ya sami babban matsayi a Milan, inda fadar sarkin Roma take a lokacin. A nan ya gamu da Bishop Ambros. Da farko yakan je coci ne don ya auna iya maganar bishop, amma sannu a hankali ma'anar wa'azin ta riƙa shiga tare da daɗin lafazin. Wata rana, yana cikin shirya jawabin yabon sarki wanda ya san ƙarya ta yi yawa a ciki, hankalinsa a tashe, sai ya ga wani almajiri a bakin titi ya sha ya bugu, yana ta raha. Agustin ya yi ajiyar zuciya, ya gane cewa duk wahalar da yake sha don ya sami kwanciyar rai ne, ga shi kuwa mabaraci ya fi shi walwala da 'yan kwabbai.

Monika ta iske shi a Milan, aka nema masa auren da ya dace da matsayinsa, aka sallami uwar ɗansa ta koma Afirka. Rabuwar ta yi masa zafi ƙwarai. Duk da haka, da yake sauran shekara 2 yarinyar da aka yi masa baiko da ita ta isa aure, sai ya ɗauki wata macen. Shi da kansa ya rubuta wannan, bai ɓoye ba. A wannan lokaci karatu da wa'azi sun riga sun nuna masa cewa mugunta karkatar nufin mutum ce daga Allah, babu wani baƙo a ciki. Hankalinsa ya yarda da gaskiya, amma sabo ya ɗaure shi kamar sarƙa. Tun yana saurayi yakan roƙi Allah tsabtar rai, amma a ƙasan zuciyarsa yana fatan kada a amsa da wuri.

A 386 wani ma'aikacin fada ɗan Afirka, Pontisiyanus, ya kai masa ziyara, ya ba shi labarin Waliyi Antoni na Masar da na wasu ma'aikatan sarki biyu da suka bar kome suka bi Kristi nan take. Mutumin yana magana, Agustin kuwa ya ji kamar an juyo shi an tsayar da shi gaba da gaba da kansa, babu wurin kawar da ido. Ya fita lambu, abokinsa Alifiyus yana biye. A can ya ga cewa mai son ya tuba da mai ƙin tuban duk shi ne. Ya faɗi ƙarƙashin wani ɓaure yana kuka. Sai ya ji muryar yaro daga gidan maƙwabta tana waƙa, tana cewa a ɗauka a karanta. Ya ɗauki wasiƙun Manzo Bulus, idonsa ya faɗa a kan Romawa 13:13-14, inda Manzo yake gargaɗi a kan buguwa da fasikanci da husuma, yana kira a yafa Ubangiji Yesu kamar riga. Bai bukaci ya ƙara karantawa ba. A daren Ista, 24 ga Afrilu 387, Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa da Alifiyus. A wannan shekara Monika ta rasu a Ostiya tana da shekara 56, bayan ta roƙi 'ya'yanta su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji.

Binciken da bai ƙare da baftisma ba

Sau da yawa a nan ake tsayar da labarin, alhali sauran shekara 43 a gabansa. Ya koma Tagaste a 388, ya rabu da dukiyarsa, ya zauna da abokai cikin addu'a da nazari. Ba a daɗe ba ɗansa ya rasu. A 391 ya shiga coci a Hippo, wato Annaba ta yau, jama'a suka kama shi suka kai gaban Bishop Valeriyus a naɗa shi firist, yana ta hawaye. Wajen 395 ya zama bishop. Yakan yi wa'azi, yakan wuni yana sasanta rigingimun gado da bashi, yana zaune da firistocinsa gida ɗaya ba mai cewa wannan nawa ne. A teburin cin abincinsu ya sa aka rubuta gargaɗin hana yi da wanda ba ya nan.

Wajen 397 ya fara rubuta littafin da ake kira Confessiones da Latin, wato Ikirari, mai kashi 13. Ba tsoffin zunubai kaɗai ya tona a ciki ba. A kashi na 10 ya binciki halinsa na lokacin, yana kan kujerar bishop. Ya amsa cewa yakan wuce iyaka wajen ci, yana fakewa da kula da lafiya. Ya amsa cewa tsoffin sha'awace-sha'awace sukan dawo masa a mafarki, cewa wani lokaci daɗin muryar mawaƙa a coci yakan fi ma'anar zabura jan hankalinsa, cewa kallon kare yana bin zomo yakan raba shi da tunani mai nauyi. Wanda ya fi ba shi tsoro shi ne son yabo, domin bai iya tantance iyakarsa a zuciyarsa ba. Ya yarda cewa akwai abin da ke cikinsa da shi kansa bai sani ba, sai Allah. Wannan ne ya sa ya tsaya da ƙarfi, a gardamarsa da Pelajiyus, cewa mutum ba ya iya gyara kansa sai da alherin Allah.

Halin nan bai bar shi ba har tsufa. Ya taɓa gaggawar naɗa wani saurayi, Antoninus, bishop na ƙauyen Fusala, saurayin kuwa ya zalunci jama'a. Wajen 423 Agustin ya rubuta wa Paparoma Selestin, ya ɗauki alhakin kuskuren, har ya ce yana tunanin sauka daga kujerarsa. A 426, shekarar da ya kammala babban littafinsa Birnin Allah, ya fara bin littattafansa 93 ɗaya bayan ɗaya, yana nuna inda ya yi kuskure, yana gyarawa. A 430 mayaƙan Bandal suka kewaye Hippo, zazzaɓi ya kama shi. Ya sa aka rubuta zaburoyin tuba aka manna a bango inda zai riƙa gani daga gadonsa, ya roƙa a bar shi shi kaɗai, ya yi kwana 10 yana karantawa yana kuka. Ya rasu ranar 28 ga Agusta 430, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba, don ba shi da abin bari.

Abin da ya rage gare mu

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Koyarwar Mani ta shuɗe, amma halinta yana nan. Wanda ya sha kuɗin takin gona a gidan burkutu yakan ce Shaiɗan ne. Wanda ya ɗaga wa matarsa hannu yakan ce ita ta ja. Saurayin da ya lalace a birni sai a ce sammu aka yi masa. Har a wurin ikirari wani yakan zo ya lissafa zunuban surukarsa da na maƙwabcinsa, nasa kuwa ya taƙaita. Gaskiya ne akwai jaraba, akwai kuma masu cutar da mu, amma Agustin bai sami 'yanci ba sai ran da ya amsa nasa rabon laifin.

Kowane manomi a cikinmu ya san ƙuduji. Yakan maƙale wa saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa yana tsotsa, kafin furensa ya bayyana ɓarna ta riga ta yi nisa. Haka hassada da girman kai da riƙo suke yi wa rai. Saboda haka kada mu kwanta da dare ba mu yi binciken lamiri ba. Mu gode wa Allah domin alherin wunin, mu bi maganganunmu da ayyukanmu, mu tambayi kanmu dalilin da ya sa muka yi su, kamar yadda Agustin ya tambayi kansa game da 'ya'yan itacen nan. Abin da muka gano mu kai shi wurin ikirari da sunansa, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada kuma abin da muka gani ya karya mana zuciya, domin Allah ya riga ya san shi tun kafin mu sani, bai kuwa fasa ƙaunarmu ba. Katekis da shugabannin coci, da mu firistoci, mu tuna cewa bishop ne ya yi wannan bincike, don haka matsayi ba ya ɗauke wa kowa shi. Iyayenmu na Zumuntar Mata da ke kuka saboda 'ya'yansu, su dubi Monika, wadda ta yi shekaru tana jira, ta kuma ga amsa da idonta.

Waliyiya Monika da Waliyi Agustin, ku yi addu'a dominmu. Amin.