Tenzing Norgay: Ɗan Dakon Da Ya Taka Ƙololuwar Everest

A farkon watan Maris na 1953, ayarin Turawan Birtaniya masu shirin hawan tsaunin Everest ya sauka a ofishin jakadancin ƙasarsu da ke Kathmandu, babban birnin Nepal. Turawan aka ba su ɗakuna. 'Yan ƙabilar Sherpa kuwa, waɗanda za su ɗauki kayan zuwa inda numfashi ke gagara, aka nuna musu garejin mota, babu ko makewayi. Da gari ya waye suka yi layi suka yi fitsari a gaban ofishin, don a san ransu ya ɓaci. Wanda ya shiga tsakani ya kashe wutar shi ne madugunsu, Tenzing Norgay. Watanni kaɗan bayan wannan wulaƙanci sai ga hotonsa a jaridun duniya, yana tsaye a wurin da ya fi ko'ina tsawo a doron ƙasa.

Ga wanda ya tashi a Kankiya ko Kusada, inda ido ke hango gonaki har iyakar gani, tsawon Everest yana da wuyar kwatantawa. Mita 8,849 ne. Chappal Waddi na jihar Taraba, tsaunin da ya fi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne kacal; ƙauyen Thame da Tenzing ya yi ƙuruciya a cikinsa ma ya fi shi bisa, don yana kan kimanin mita 3,800. A can ƙololuwa, iskar da mutum ke shaƙa ba ta ba jiki fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu a bakin teku. Sherpawa, waɗanda ma'anar sunansu ita ce mutanen gabas, sun ƙauro daga gabashin Tibet kimanin shekaru 500 da suka wuce, suka zauna a yankin Khumbu. Makiyaya ne kuma fatake, masu ratsa mashigar Nangpa La su ɗauko gishiri daga Tibet, kamar yadda ayarin raƙuma ke ɗauko na Bilma. Hawan ƙololuwa ba al'adarsu ba ce, domin a addininsu na Buddha tsaunukan mazaunin alloli ne. Turawa ne suka zo da wannan buri, talauci kuma ya ba su ma'aikata.

An haifi Tenzing a 1914, aka raɗa masa suna Namgyal Wangdi, daga baya wani babban malamin addininsu na Rongbuk ya ba da shawarar a canza shi. Shi ne na 11 cikin 'ya'ya 13, kuma da yawansu sun mutu tun suna ƙanana. Mahaifinsa makiyayin yak ne, wata irin saniya mai dogon gashi da ke jure sanyi. A littafin tarihin rayuwarsa an nuna shi ɗan Khumbu ne na Nepal, amma binciken da aka yi bayan mutuwarsa, har da na marubuci Ed Douglas a 2003, ya nuna a yankin Kharta na Tibet aka haife shi, iyayensa suka shigo Khumbu suna yi wa masu hali aiki. Wato ko a cikin Sherpawa ma baƙo ne, kuma na ƙasa.

Sau biyu yana guduwa daga gida. Na farko ya tafi Kathmandu, na biyu ya nufi Darjeeling ta Indiya yana ɗan shekara 19, domin a can Turawa ke ɗibar 'yan dako. A 1935 Eric Shipton ya ɗauke shi, bayan wasu biyu sun faɗi gwajin lafiya. Ya koma Everest da Turawan Ingila a 1936 da 1938, kuma a tafiyar 1938 ya kai kaya zangon da ke kan kusan mita 8,300, abin da ya sa aka ba shi lambar Damisa, wadda ake ba gwarazan 'yan dako.

Shekarun Yaƙin Duniya na Biyu ya yi su a Chitral, wadda yanzu take cikin Pakistan. A can matarsa ta farko, Dawa Phuti, ta mutu a 1944. Ɗansa namiji ma ya mutu yana da shekara huɗu. Ya dawo Darjeeling da 'ya'yansa mata biyu, Pem Pem da Nima. A 1947 ya bi wani Bature mai suna Earl Denman suka shiga Tibet a ɓoye, ba izini, ba kayan kirki, guguwa ta koro su daga kimanin mita 6,700. Babu madugu mai lissafin riba da zai yarda da irin wannan tafiya. A nan ake gane cewa Tenzing ya bambanta da abokan sana'arsa: su lada suke nema su koma gida lafiya, shi kuwa tsaunin kansa yake so.

Mutanen Suwizalan ne suka fara ganin haka. A 1952 suka ɗauke shi madugu, kuma suka sa shi cikin jerin mahaya, daidai da kowane Bature. Shi da Raymond Lambert suka kwana a tanti sama da mita 8,000 ba bargon kwana, ba risho, suna narkar da dusar ƙanƙara a kan kyandir don su jiƙa maƙoshi. Ranar 28 ga Mayu suka kai mita 8,595, inda ba a taɓa tabbatar da wani ya kai ba, sannan ƙarfi ya ƙare. Suka sake gwadawa a kaka, sanyi da iska suka hana, aka kuma rasa wani Basherpe, Mingma Dorje. Tenzing ya koma gida ya kwanta jinya.

Saboda haka lokacin da Kanar John Hunt ya neme shi a 1953, babu wani a cikin ayarin da ya san tsaunin kamarsa. Tafiyarsa ta bakwai ke nan. 'Yan dako kimanin 350 suka kwashi kaya daga kwarin Kathmandu, kowa da kusan kilo 30 a gadon baya, maɗaurin a goshi, suka yi sama da mako biyu suna hawa da gangara kafin su isa gidan ibada na Tengboche. Daga babban zango kuma sai Sherpawa kimanin 20 suka karɓa, suna kai da kawo a gangaren ƙanƙarar Khumbu, inda ƙasa ke tsagewa ba sallama. A nan ne wata rana Edmund Hillary, mai kiwon zuma daga New Zealand, ya rufta cikin wata tsaga, Tenzing ya kafa gatarinsa ya riƙe igiyar da ta haɗa su.

Ba su ne aka fara turawa ba. Tom Bourdillon da Charles Evans suka fita ranar 26 ga Mayu, suka juyo saura ƙasa da mita 100 a tsaye, na'urar iskarsu tana ba su wahala. Ranar 28 Hillary da Tenzing suka kwana a kan kimanin mita 8,500. Da asuba takalman Hillary sun daskare, sai da aka gasa su a kan risho. Suka fita da ƙarfe 6:30, suka haye wani tsayayyen dutse mai kimanin mita 12, da ƙarfe 11:30 na safiyar 29 ga Mayu kuma babu sauran abin hawa a gabansu. Minti 15 suka yi. Tenzing, da jan mayafin Lambert a wuyansa, ya binne alewa da biskit da guntun fensirin 'yarsa Nima a matsayin sadaka. Hillary ya ɗauki hotonsa yana ɗage da gatari mai tutoci huɗu: ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta Birtaniya, ta Nepal da ta Indiya. Hillary kansa ba shi da hoto a wurin.

Labarin ya bazu a Landan ranar 2 ga Yuni, ranar da aka naɗa Sarauniya Elizabeth, aka mai da shi nasarar daula. A Kathmandu kuma aka mai da shi nasarar Asiya a kan Turawa. Masu kishin ƙasa suka tare Tenzing a hanya, suka sa shi sa hannu a takardu masu cewa shi ɗan Nepal ne kuma shi ya riga Hillary. Yana jin harsuna da dama, amma bai iya karatu ba, bai san abin da ya sa wa hannu ba. Indiya ma ta ce nata ne, Firayim Minista Jawaharlal Nehru ya ba shi fasfo, har da tufafin zuwa Landan. Tibet kuwa tana hannun Sin tun 1951, don haka ambaton ainihin mahaifarsa ba zai yi wa kowa daɗi ba. Sai a 1955, cikin littafin da James Ramsey Ullman ya rubuta daga bakinsa, ya fito fili ya ce Hillary ne ya fara sa ƙafa, shi yana biye. Yin shiru da ya fi masa riba a gida, amma ya faɗa.

Hunt da Hillary aka ba su sarautar Sir, Tenzing aka ba shi lambar George. Masu kare Birtaniya suna cewa tsarin mulkin Indiya ya hana 'yan ƙasa karɓar sarautar waje, kuma gaskiya ne akwai wannan doka. Sai dai wanda ya tuna garejin Kathmandu zai yi wuya ya yarda cewa doka ce kaɗai ta raba su.

A 1954 aka buɗe Cibiyar Koyar da Hawan Tsaunukan Himalaya a Darjeeling, aka naɗa shi daraktan horo, ya riƙe muƙamin har 1976. Indiya ta ba shi lambar Padma Bhushan a 1959. Bai sake hawa Everest ba. Bayan ritaya ya koma raka masu yawon buɗe ido, ya kafa kamfaninsa a 1978, kuma waɗanda suka rubuta tarihinsa sun ambaci kaɗaici da damuwa da shan giya a ƙarshen rayuwarsa. Bai so 'ya'yansa su gaji sana'ar ba, ya tura su makaranta, amma ɗansa Jamling ya hau ƙololuwar a 1996.

Da yake ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, ya ɗauki 29 ga Mayu ya mai da ita tasa. Ya mutu a Darjeeling ranar 9 ga Mayu, 1986, yana da shekara 71, aka ƙone gawarsa bisa al'adar addininsa a harabar cibiyar da ya yi wa aiki. A 2008 Nepal ta sa wa filin jirgin saman Lukla, inda yawancin masu tattaki zuwa Everest ke sauka, sunansa da na Hillary. Shekara shida bayan haka, ranar 18 ga Afrilu, 2014, ƙanƙara ta zaftaro a gangaren Khumbu ta kashe ma'aikata 16 'yan Nepal, akasarinsu Sherpawa, suna kan hanyar kai wa baƙi kaya zango na gaba.