Ani Okli, Gwanar Harbi

A ƙasar Gaya kowa ya san maharba. Akwai masu baka da kibiya, akwai masu bindigar toka. Yaran Bana kuma ba su rabuwa da danƙo a aljihu. Sau da yawa akan ji mutane suna cewa harbi aikin maza ne. To, ga labarin wata mace wadda ta gagari maza wajen harbi. A rubuce sunanta Annie Oakley, amma ana faɗinsa Ani Okli. Ta rasu tun 1926, har yanzu kuwa ba a manta da ita ba.

Marainiya

An haifi Ani ran 13 ga watan Agusta 1860, a wani ƙauye na jihar Ohayo, cikin ƙasar Amirka. Sunan da iyayenta suka raɗa mata shi ne Fibi An Mozi. Okli suna ne da ta ɗauka daga baya, sa'ad da ta fara wasa gaban jama'a. Iyayenta manoma ne talakawa.

Ƙasarsu ƙasar sanyi ce ƙwarai. A ƙarshen 1865 guguwar ƙanƙara ta rutsa da ubanta a hanya. Ya iso gida jikinsa ya sandare. Daga nan bai sake tashi ba, ya rasu a farkon 1866. Lokacin nan Ani tana da shekara 5. Uwarta ta zauna da yara da yawa, ga shi babu abin ciyar da su.

Ani ta fara ɗana tarko tana kama tsuntsaye. Da ta kai shekara 8, sai ta ɗauko tsohuwar bindigar ubanta. Irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki ce, kamar bindigar toka. Ta auna kurege, ta harbe shi. Uwarta ta tsorata, ta hana ta taɓa bindigar har watanni.

Talauci ya yi tsanani. A 1870 aka kai Ani gidan da hukuma take ajiye gajiyayyu da marayu. Can ta koyi ɗinki. Bayan haka aka ba da ita aikatau ga waɗansu mutane, bisa alkawarin za su biya ta, su kuma sa ta lakwal. Ba su cika alkawari ba. Suka mai da ita kamar baiwa. Wata rana barci ya ɗauke ta tana cikin ɗinki, sai suka fid da ita waje cikin ƙanƙara, ba ko takalmi. Har ta mutu ba ta bayyana sunansu ga jama'a ba, kyarketai kawai take ce musu. Bayan shekara biyu ta gudu, ta koma wurin uwarta.

Harbi don abinci

Da ta dawo gida, sai ta koma daji da bindiga. Tana harbo zomaye da tsuntsaye masu kama da makwarwa. Tana kai su garin Girinbil, wani mai kanti yana saye, yana aika wa gidajen saukar baƙi na birnin Sinsinati.

Albarushi da darma kuɗi ne, Ani kuwa ba ta da kuɗin ɓarna. In ta yi kuskure sau ɗaya, ta yi hasara. Saboda haka ba ta harbi da garaje. Sai ta natsu, ta lura da yadda tsuntsu yake tashi, da inda yake nufa. Kuma kai take auna, don kada darma ta ɓata nama. Masu saye suka gane namanta, suka riƙa nemansa. Tana da shekara 15 ta biya bashin da ake bin uwarta a kan gonarsu.

Gasar da ta sake rayuwarta

A zamanin nan mutanen Amirka suna son kallon gasar harbi, kamar yadda mutanen Nijar suke son kallon kokowa. Akwai wani gwani, sunansa Frank Butler, mutumin ƙasar Ailan. Yana yawo gari gari yana nuna gwaninta. In ya sauka wuri, sai ya nemi wanda zai kara da shi.

Wata rana aka shirya masa gasa, aka aza dalar Amirka 100. Ya zo yana tsammani zai ga wani ƙaton maharbi. Sai ga ƴar yarinya siririya, tsawonta bai wuce metir ɗaya da rabi ba sai kaɗan. Kowane zai yi harbi 25. Suka yi ta tafiya kai da kai. A harbi na 25 Frank ya kuskure, Ani ta samu. Ta ci gasa.

Frank bai yi fushi ba. Ya girmama ta, daga baya ma ya aure ta. A 1882 abokin wasansa ya yi rashin lafiya, Ani ta tsaya a madadinsa. Jama'a suka fi yi mata tafi. Frank ya gane matarsa ta fi shi. Bai ji kunya ba, bai kuma hana ta ba. Ya ja da baya, ya zama shi ke jefa mata abin bara, shi ke wanke bindigogi, shi ke lura da sha'anin kuɗi. Haka suka zauna har mutuwa.

A 1884, a birnin Sen Fol, wani babban shugaban Indiyawan Amirka ya ga wasanta. Sunansa Sitin Bul, na ƙabilar Lakota. Jarumi ne, mutanensa ne suka ci sojan Amirka da yaƙi a 1876. Ya yi mamakin yarinyar, ya ɗauke ta tamkar ɗiyarsa. Ya sa mata suna da harshensu, ma'anarsa ƴar ƙarama wadda ba ta kuskure.

Ta zaga duniya

A 1885 Ani ta shiga babbar ƙungiyar wasa ta Bafalo Bil. Suna yawo da dawaki da mahaya ta jirgin ƙasa da jirgin ruwa. Ta yi kusan shekara 17 tare da su.

Abubuwan da take yi suna da ban mamaki. Akan kafa karta a tsaye, gefenta yana dubanta, sai ta raba ta biyu daga taki 30. Akan jefa ƙaramin kuɗin ƙarfe sama, ta same shi kafin ya faɗo. Takan juya baya, ta aza bindiga a kafaɗa, ta duba madubi, ta harbi abin da ke bayanta. Takan kashe wutar kyandir da harsashi. A shekarar 1885 aka jefa mata ƙwallayen kwalba 5.000 cikin awa 9. Ta fasa 4.772.

A 1887 suka tafi Landan, ta yi wasa gaban Sarauniya Biktoriya ta Ingila. A 1889 suka tafi Pari, shekarar da aka buɗe hasumiyar Efel. A 1894 kamfanin Tomas Edisan ya ɗauki hotonta mai motsi tana harbi. Wannan yana cikin hotunan silima na farko farko a duniya.

Mene ne asirinta?

Waɗansu za su ce magani gare ta. Ba laya ba ce, ba guru ba ne. Ga abubuwan da suka sa ta gwanance.

Na ɗaya, maimaici. Ko bayan ta yi suna, ba ta bar gwaji ba. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Na biyu, ba ta ƙi koyo ba. A Ingila ta tarar da tantabarun gasa masu saurin tashi ƙwarai, ta riƙa kuskure. Wani maƙerin bindiga na Landan, na kamfanin Charles Lancaster, ya lura bindigarta ta yi mata nauyi, kuma ba ta zauna mata daidai a kafaɗa ba. Ya auna ta, ya ƙera mata wadda ta dace da jikinta. Nan da nan harbinta ya gyaru. Ashe kayan aiki ma sai sun dace da mai su, kamar yadda hauyar babba ba ta yi wa yaro noma.

Na uku, idanunta biyu a buɗe suke in tana auna abu mai tashi. Da ido biyu mutum yake gane nisan abu da saurinsa.

Na huɗu, ba ta auna inda abin yake, sai inda za shi. Harsashi yana da sauri, amma duk da haka yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya isa. Kafin nan abin ya gusa. Don haka takan bi shi da bakin bindiga, ta ɗan wuce gabansa, sa'an nan ta ja kunama ba tare da ta tsai da hannu ba.

Na biyar, natsuwa da lafiyar jiki. Mai fargaba hannunsa yana rawa. Mai fizgar kunama da ƙarfi, bakin bindigarsa yana kaucewa. Ani tana yawan tafiya da ƙafa, tana hawan doki da keke.

Kwanakin wahala

A watan Oktoba 1901 jirgin ƙasan da ke ɗauke da ƙungiyarsu ya yi karo da wani jirgi. Dawaki da yawa suka mutu. Ani ta ji ciwo a baya, ta bar ƙungiyar.

A 1903 wata masifar ta auko. Jaridun birnin Shikago suka buga cewa an kama Ani Okli ta yi sata don ta sayi ƙwaya mai sa maye. Ƙarya ce. Wata mace dabam aka kama, wadda ta ari sunanta. Jaridu da yawa suka kwashi labarin ba su bincika ba. Ani ta ga sunan da ta gina tun tana yarinya zai lalace a rana ɗaya. Ta kai ƙara sau 55, ta yi shekaru tana zirga-zirga gaban alƙalai. A ƙara 54 gaskiya ta zama tata. Kuɗin da aka biya ta bai kai abin da ta kashe ba. Amma ita ba kuɗi take nema ba, mutuncinta take nema, ta kuwa same shi.

Malama

Da girma ya zo, Ani ta mai da hankali ga koyarwa. Ta koya wa mata dubbai riƙon bindiga da harbin bara, musamman a garin Pinehurst. Tana fara musu da ka'idodin tsaro tukuna, kafin su taɓa kunama. A lokacin nan an riga an sami faifan yumɓu wanda na'ura take cillawa sama, ana harbinsa a madadin tsuntsu mai rai. A 1922, ta haura shekara 60, ta fasa irin wannan faifai 100 a jere daga nisan metir 15, ba kuskure ko ɗaya.

Ba ta manta da maraicinta ba. Ita ba ta sami zaman lakwal sosai ba, sai ta riƙa biya wa ƴan mata kuɗin karatu. Ta sa aka narke lambobinta na zinariya, ta ba da kuɗin sadaka.

A ƙarshen 1922 ta yi haɗarin mota, aka sa mata ƙarfe a ƙafa. Duk da haka ta sake komawa harbi. Daga baya ciwon ƙarancin jini ya kama ta. Ta rasu ran 3 ga watan Nuwamba 1926 a Girinbil, tana da shekara 66. Bayan kwana 18 Frank ya bi ta. Kaburburansu suna wuri ɗaya.

Hanyar da ta share ba ta toshe ba. Harbin bara yana cikin wasannin Olimfik tun 1896. A 1984 aka ware wa mata nasu rukuni. A 1992, a Barselona, wata Basiniya, Zhang Shan, ta kara da maza wajen harbin faifai, ta cinye su duka, ta karɓi zinariya.

Ku lura

Bindiga ba abin wasa ba ce. Yaro ba ya taɓa ta, ko da an ce babu kome a cikinta. Babba ma sai da izinin hukuma. Danƙo kansa yana fasa ido, saboda haka ba a auna mutum da shi, ba a auna dabbar gida. Mai son gwada hannunsa ya aza gwangwani ko ƙwallon giginya bisa kututture, a fili inda babu mai wucewa a baya. Ya fara daga taki 5. In ya samu sau da yawa, ya ƙara taki ɗaya.

Tambayoyi

1. Me ya sa Ani ta fara farauta tun tana ƙarama?
2. Don me take auna kan tsuntsu?
3. Yaya Frank ya yi da ya gane matarsa ta fi shi?
4. Wace gyara maƙerin Landan ya yi mata?
5. Me ya sa ake auna gaban abu mai tashi?
6. Me Ani take nema da ta kai jaridu ƙara?

Lissafi

Cikin ƙwallaye 5.000 Ani ta fasa 4.772. Nawa ta kuskure? In ta yi harbi 5.000 cikin awa 9, kamar harbi nawa ke nan a awa ɗaya?

Aiki

Ku tambayi wani tsohon maharbi na garinku yadda ya koyi bara da baka, da abubuwan da aka hana shi yi sa'ad da yake koyo. Ku rubuta abin da kuka ji cikin layi goma, ku kawo aji.