John Maynard Keynes: Ma'ajin da asara ta zame wa makaranta

Duniya ta fi sanin John Maynard Keynes a matsayin masanin tattalin arziki da ya sauya yadda gwamnatoci ke tunkarar karayar arziki da rashin aikin yi. Amma akwai wani muƙami da ya riƙe fiye da shekara ashirin wanda ba a cika ambata ba. Shi ne babban ma'ajin Kwalejin King's ta Jami'ar Cambridge a Ingila, daga 1924 har ranar mutuwarsa.

An haife shi a garin Cambridge ranar 5 ga Yunin 1883. Mahaifinsa, John Neville Keynes, malami ne a jami'ar, daga baya kuma ya zama magatakardanta. Mahaifiyarsa, Florence, ta riƙe muƙamin magajin garin Cambridge a 1932. Bayan ya kammala makarantar Eton, ya karanta lissafi a King's, sannan ya kama aikin gwamnati a 1906 a ofishin kula da harkokin Indiya da ke Landan. Shekara biyu kawai ya yi, ya koma jami'a koyar da tattalin arziki. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aiki a baitulmalin Birtaniya, kuma a 1919 ya ajiye aikin saboda adawarsa da diyyar da aka ɗora wa Jamus, wadda ya ga ta fi ƙarfinta.

A wannan shekarar ce kwalejinsa ta naɗa shi mataimakin ma'aji. Sarki Henry na Shida ne ya kafa King's a 1441, kuma tsawon ƙarnuka dukiyarta tana kwance a gonakin haya da takardun lamunin gwamnati. Dattawan kwalejoji na wancan zamani suna kallon sayen hannun jari a kamfanoni tamkar caca, abin da bai dace da dukiyar amana ba. Keynes ya nuna musu cewa hayar gona ba ta kawo wani abin kirki, tsadar kaya kuma tana cinye darajar kuɗin lamuni. Ya shawo kansu suka sayar da wani ɓangare na filayen, suka ware asusu na musamman da zai juya yadda ya ga ya dace.

Farkon tafiyar bai yi daɗi ba. A 1920, cinikin canjin kuɗaɗen ƙasashen Turai ya cinye jarinsa na ƙashin kansa, har sai da ya ci bashi kafin ya farfaɗo. Ko a dukiyar kwalejin ma, ya fara ne da dogaro da iliminsa wajen hasashen lokacin da kasuwa za ta tashi da lokacin da za ta faɗi, yana saye yana sayarwa a kai a kai. Rugujewar kasuwar hannayen jari ta 1929 ta zo masa ba shiri, asusun kwalejin ya yi asara mai yawa.

Abin da ya bambanta shi da sauran masana shi ne bai ɗora laifin a kan kasuwa ba. Ya duba lissafinsa, ya amince cewa hanyarsa ce ba ta ɓulle ba, ya sauya ta. Daga farkon shekarun 1930 ya daina bin hawa da saukar farashi. Ya koma zaɓar kamfanoni kaɗan waɗanda ya san harkarsu ciki da waje, ya kuma yarda da masu tafiyar da su, ya saya lokacin da suke da araha, ya riƙe su shekaru. Cikinsu akwai kamfanonin haƙar zinare na Afirka ta Kudu. Da kasuwa ta sake karyewa a 1937 zuwa 1938, an matsa masa ya sayar, ya ƙi. Hujjarsa ita ce mai riƙon dukiyar da za ta daɗe bai kamata ya zubar da kaya mai kyau don tsoron faɗuwar ɗan lokaci ba. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse ya sha romonsa.

Sakamakon ya gaskata shi. Masu binciken da suka bi diddigin littattafan kwalejin sun gano cewa cikin kusan shekara 25, asusun da yake juyawa ya riƙa samun ribar kimanin kashi 16 cikin ɗari a shekara, alhali kasuwar Birtaniya gaba ɗaya tana samun kimanin kashi 10. Waɗannan shekarun sun haɗa da na karayar arzikin duniya da Yaƙin Duniya na Biyu.

Bai saki wannan aiki ba duk da nauyin da ke kansa. A 1936 ya wallafa babban littafinsa kan aikin yi da kuɗin ruwa da kuɗi. A 1937 ciwon zuciya ya kwantar da shi, amma a 1944 shi ya jagoranci tawagar Birtaniya zuwa taron Bretton Woods a Amurka, inda aka aza harsashin Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, hukumomin da har yau ake jin tasirinsu a kasafin kuɗin ƙasashen Afirka.

Ya mutu ranar 21 ga Afrilun 1946 a gidansa na Tilton, yana da shekara 62. Bai bar ɗa ba. Ya yi wasiyya cewa bayan rayuwar matarsa, Lydia Lopokova, mafi yawan dukiyarsa da littattafansa da zane-zanen da ya tara su koma hannun kwalejin. Shekaru da dama bayan haka, David Swensen, wanda ya juya dukiyar Jami'ar Yale ta Amurka, ya riƙa kafa hujja da tunaninsa, kuma zuba dukiyar jami'a a hannun jari na dogon zango, abin da aka taɓa kira caca a King's, ya zama hanyar da manyan jami'o'in duniya ke bi.