Abdu Mumuni Diyofo, ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

Duk gidan da ke da ɗalibi a Yamai ya san sunan jami'ar Abdu Mumuni. To amma shi mai sunan, mu nawa muka san ko wane ne?

Ɗanmu ne, haifaffen Tasawa cikin jihar Maraɗi, a shekarar 1929. Ya fara lakwal a Damagaram, ya wuce makarantar William Ponty a Senegal, daga nan sai Faransa. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malamai ta Faransa a fannin kimiyyar fizik, wadda a wancan zamani ɗan Afirka bai cika kai wa gare ta ba.

Da ya so, da ya yi zamansa a Turai. Sai ya dawo ya koyar a Dakar da Konakiri da Bamako. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wannan ranar da ke ƙona mu kullum. Ya ga mata suna tafiya mai nisa neman itace, daji yana ƙarewa, hamada tana matsowa, alhali ga zafi yana zuba kyauta daga sama. A 1969 ya karɓi jagorancin ONERSOL, ma'aikatar binciken makamashin rana ta Nijar. Nan Yamai suka riƙa ƙera na'urar ɗumama ruwa da murhun dafa abinci, duka da rana, da hannun ƴan ƙasa.

A 1979 aka naɗa shi shugaban jami'ar Yamai. Tun 1964 kuwa ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka, inda ya nuna cewa yaro ya fi gane karatu cikin harshen da ya sha a nono. Ku duba, da Hausa muke wannan hira yau.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai cikin watan Afrilu na 1991, shekara ta gaba aka sa wa jami'ar sunansa.

Yanzu faifan sola ya cika ƙauyukanmu, da shi muke cajin waya, da shi ake jawo ruwa a garka. Sai dai daga waje ake kawo mana shi. Ƴan'uwa na gida da na ƙetare masu biyan kuɗin karatun yara, mu ƙarfafa musu gwiwa su riƙe kimiyya, ko a samu masu ɗorawa daga inda ya tsaya. Allah ya jiƙansa da rahama.